Haƙuri ko zurfin ciki? Sharhi kan abin da baƙin ciki, fushi da fargaba ke yi wa jiki

Akwai wani mara lafiya da duk likitan da ya taɓa zaman ganin jama'a a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ya san shi. Yakan zo da ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, zafi a ƙirji, faɗuwar gaba, wani sa'in ya ce yana jin wani abu na yi masa yawo a jiki. Ya sha maganin maleriya sau biyu, na taifod sau uku, duk a kyamis. Gwaji bai nuna komai ba, sai dai jininsa ya ɗan hau. A ƙarshe likita ya ajiye biro ya ce, "Malam, sai ka rage tunani." Mutumin ya fito bai san ta inda zai fara ba, tunda tunani ba shinkafa ba ce balle ya rage mudu.

A gida za a ce ya yi haƙuri ya bar wa Allah, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A waya kuma, a Facebook da TikTok, wasu na ta yayata cewa zurfin ciki ne ke kashe mutane, duk abin da ke ranka ka fitar da shi ka huta. Tun da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, maganar ta ƙara yawa a rediyo da majalisu. Sai dai ɓangarorin biyu sukan yi gardama ne ba tare da sun tsaya sun fayyace abin da suke nufi ba.

## Abubuwa huɗu da ciki ke yi

Bahaushe a ciki yake ajiye abin da ya dame shi: farin ciki, baƙin ciki, zurfin ciki, ta ciki na ciki. Da wannan harshe ma za a iya rarrabe abubuwa huɗu da masana halayyar ɗan Adam ke bambantawa.

Haɗiyewa ita ce mutum ya danne abin da yake ji, ya hana fuskarsa nunawa, har ya ƙi amsa wa kansa cewa abin ya yi masa ciwo. Amayarwa kishiyarta ce: ihu, zage-zage, fasa kwano, doguwar wasiƙar murya da tsakar dare. Ta uku ita ce tuƙa, irin ta akuya: a dawo da abin da aka haɗiye a yi ta tauna shi, "me ya sa ni", "da na sani", "da na ce masa kaza", ba tare da an kai ga wata matsaya ba. Wannan ita ce mutane ke kira yawan tunani, kuma marigayiya Susan Nolen-Hoeksema ta Amurka ta shafe shekaru tana nuna cewa masu wannan ɗabi'a sun fi faɗawa ciwon damuwa, sun fi daɗewa a cikinsa.

Ta huɗu, wadda ake nema, ita ce narkarwa. Mutum ya san abin da yake ji, ya kira shi da sunansa, ya ba shi lokacinsa, ya ware abin da zai iya gyarawa da wanda ya fi ƙarfinsa. Alamar abu ya narke ba mantawa ba ce. Alamar ita ce a iya tuna shi ba tare da jiki ya ɗauki rawa ba, kuma a iya komawa kasuwa da barci da cin abinci.

Baƙin ciki, fushi da tsoro ba cututtuka ba ne. Ciwon damuwa shi ne cuta, kuma yana da nasa ma'auni, wanda za a zo gare shi a gaba.

## Abin da ke faruwa a jiki

Idan mutum ya ji mugun labari ko aka ci masa mutunci, wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala yakan kaɗa ƙararrawa. Cikin daƙiƙu wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda su saki sinadarin adiranalin: zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau, baki ya bushe, narkar da abinci ta ja baya. Bayan wasu mintuna wani sinadarin, kotizol, ya biyo baya, ya ɗaga sukarin jini don a samu ƙarfin gudu ko faɗa. An tsara wannan ne don haɗarin da ke wucewa, kamar kare ya biyo ka a lungu. Matsalar ita ce jiki bai bambanta kare da bashin Kantin Kwari da ake tunawa da shi ƙarfe uku na dare ba. Duk lokacin da aka yi tuƙa, ƙararrawar ta sake kaɗawa.

A 1993 James Gross da Robert Levenson sun nuna wa mutane fim mai tayar da hankali, suka ce wa wasunsu su ɓoye abin da suke ji. Fuskokinsu sun yi lumui, amma na'ura ta nuna jikinsu ya fi na sauran tashi, kuma ƙyamar da suka ji ba ta ragu ba. Wato dannewa fuska take gyarawa, ba zuciya ba. Wani bincike da ya biyo baya ya gano cewa har wanda ke hira da mai dannewa jininsa kan hau, wanda duk wanda ya taɓa kwana gida ɗaya da mai gaba ba zai yi mamakinsa ba.

Game da zuciya hujja tana da ƙarfi. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52, aka fitar a 2004, ya sanya matsin rai cikin manyan abubuwa tara da ke da alaƙa da bugun zuciya, a jere da taba, hawan jini, ciwon suga da teɓa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Harvard sun tattara nazarce-nazarce suka ga cewa cikin awa biyu bayan mummunan fushi haɗarin bugun zuciya yakan ninka kusan sau biyar. Ga matashi mai lafiya wannan ba wani abu ba ne, don haɗarin nasa ƙarami ne tun asali. Ga dattijo mai hawan jini da suga wanda kullum sai ya yi faɗa da yaran shago, lissafin ya bambanta. Akwai ma wani ciwo da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, inda tsokar zuciya ke yin rauni farat ɗaya bayan rasuwa ko firgici. Ya fi kama matan da suka daina al'ada, kuma akasari sukan warke cikin makonni idan sun samu kulawa. Don haka "baƙin ciki ya taɓa mata zuciya" ba salon magana ba ne kawai.

Amma an ƙara wa batun gishiri a wasu wurare. Olsa, alal misali. Tun farkon shekarun 1980 likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Babban dalili na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Damuwa tana tsananta zafin, amma mai olsa gwaji da magani yake buƙata, ba lallashi kaɗai ba. Haka nan babu tabbatacciyar hujja cewa haɗiye baƙin ciki yana jawo ciwon daji, kuma faɗa wa mai ciwon haka ɗora masa laifi ne a banza.

## Masu cewa a yi shiru

Hujjarsu ba ƙarama ba ce. A gari irin Kano, inda gida ɗaya kan haɗa kishiyoyi, surukai da facaloli, kuma abokin ciniki maƙwabci ne, kawaici da kara su ne suka riƙe zaman. Alƙur'ani ya yabi masu haɗiye fushi a Suratu Ali Imran, aya ta 134. Har binciken zamani ya ba su wani goyon baya: a 2007 Emily Butler da abokan aikinta sun gano cewa illar dannewa ta fi sauƙi ga waɗanda suka taso da al'adun Asiya masu daraja kamun kai, idan aka kwatanta da masu al'adar Turawa. Wanda ya zaɓi yin shiru don girmama suruki, alhali ya san abin da ke ransa, ba ɗaya yake da wadda ta yi shiru don ba ta da wurin zuwa ba.

Inda wannan ɓangare ke kuskure shi ne mayar da haƙuri ya zama rashin jin ciwo. Nassi bai ce haka ba. Annabi Yakubu, wanda ya ce "sai haƙuri kyakkyawa", shi ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, shi ne kuma ya ce yana kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 83 zuwa 86. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, da Abdurrahman bn Auf ya yi mamaki, sai ya ce masa wannan rahama ce. Ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba a faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska da yaga tufafi. Malamin nan na Balkh, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, tun a lokacin ya raba baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana buƙatar magani irin na jiki. Wanda ke cewa ciwon damuwa raunin imani ne kawai, da wannan tarihi yake jayayya.

A aikace, kalmar "yi haƙuri" tana aiki biyu. Wani lokaci ta'aziyya ce. Wani lokaci kuma murfi ce, musamman ga matar da ta zo gida da ƙorafi aka mayar da ita kafin ta gama magana, ko magidancin da zai yi awa uku a majalisa ana siyasa da ƙwallo, bai taɓa furta cewa jarinsa ya karye ba, saboda namiji ba ya kuka.

## Masu cewa a fitar da komai

Su ma suna da gaskiya a gefe ɗaya: barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A 2007 Matthew Lieberman a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa kiran abin da ake ji da sunansa yana rage tashin amigdala. Tun 1986 kuma James Pennebaker ya sa ɗalibai rubuta abin da ya fi damunsu, minti 15 a rana, kwana huɗu a jere. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo baya. Gwaje-gwajen da aka maimaita daga baya sun nuna amfanin yana nan, amma matsakaici ne, ba abin al'ajabi ba.

Sai dai amayarwa ba narkarwa ba ce. A 2002 Brad Bushman ya fusata ɗalibai da gangan, ya sa wasu su yi ta naushin buhu suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu kuma su zauna shiru na minti biyu. Masu naushin su suka fi fita da fushi. Haka abin yake ga wanda ke maimaita labari ɗaya wa mutum goma, kowa na zuga shi: tuƙa ce, sai dai a bainar jama'a. Ga kuma tsegumi, wanda a unguwa ba ya mutuwa.

Wani kuskuren shi ne tilasta wa wanda ya tsira daga bala'i ya ba da labari nan take. An daɗe ana yi a ƙasashen Turawa, har nazarin da aka tattara a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa zaman tatsar labari sau ɗaya ba ya hana ciwon firgici, wato zabura da mugun mafarkin da kan biyo bayan bala'i, wani sa'in ma yana ƙara shi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma ba da shawarar a fara da tsaro, ruwa, abinci, haɗa mutum da danginsa, a saurare shi idan ya so magana, a ƙyale shi idan bai so ba. Garin da ya ga harin 20 ga Janairun 2012, da na Babban Masallacin Juma'a a Nuwamban 2014, da gobarar Kasuwar Sabon Gari a 2016, yana da buƙatar sanin wannan. Su ma "matakai biyar na jimami" da ake yawo da su a intanet, Elisabeth Kübler-Ross ta samo su ne a 1969 daga masu jinyar ajali, ba daga waɗanda aka yi wa rasuwa ba. Babu wani jeri da dole mai takaba ta bi, kuma wanda bai yi kuka a zaman makoki ba ba lallai yana dannewa ba ne; binciken George Bonanno ya nuna yawancin mutane sukan miƙe da kansu.

## Yadda ake narkarwa a aikace

Da jiki ake farawa, don ƙwaƙwalwar da ke cikin ƙararrawa ba ta jin nasiha. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar a hankali ana ƙirga shida, wato kusan numfashi shida a minti, har minti biyar. Fitarwar ce ke sassauta gudun zuciya, shi ya sa take fin shaƙar tsawo. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan numfashi da ƙarfi da sauri, wanda ke kawo jiri da ƙaiƙayin yatsu, mutum ya ƙara tsorata. Ga mai fushi, umarnin hadisi na yin a'uziyya, yin shiru, da zama idan a tsaye ake, ya dace da abin da ake buƙata: a jinkirta. Kada a yanke hukunci, kada a aika saƙo, balle a furta saki, sai jiki ya sauka, kuma wannan kan ɗauki aƙalla minti ashirin zuwa talatin.

Sannan suna. "Raina ba daɗi" bai isa ba. Takaici ne, ko kunya, ko kishi, ko zullumin abin da zai zo, ko nadama? Kowanne da maganinsa: nadama tana neman tuba ko ban haƙuri, zullumi yana neman shiri, baƙin cikin rashi lokaci yake nema. Sau da yawa fushin magidanci tsoro ne ya sa riga.

Daga nan sai a ba abin wuri mai iyaka. Minti 15 zuwa 20 na rubutu, da boko ko da ajami, kwana uku ko huɗu, a rubuta abin da ya faru da yadda aka ji da abin da ya sauya. Ba don kowa ya karanta ba. Ana iya yaga takardar. Wanda ba ya rubutu ya faɗa a addu'arsa da harshensa, dalla-dalla. A sa ran jin nauyi na ɗan lokaci bayan an gama, wannan ba matsala ba ce. Idan kuwa abin ya tayar da hankali har ya gagara, a tsaya. Kada a yi shi dab da kwanciya.

Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa, kuma mutum ɗaya ko biyu sun isa: mai riƙe sirri, wanda ba shi da hannu a rigimar, wanda ba zai zuga ba. Shi kuma mai sauraro aikinsa ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Ya bari a kai aya kafin ya ce a yi haƙuri, kada ya yanko nasa labarin da ya fi muni.

Hanyar gane tuƙa ita ce tambaya: bayan rabin awa ina tunanin nan, na samu wani abin yi? Idan babu, a tashi a yi tafiya ta minti 30 ko wani aikin hannu. Idan kuma abin yana da gyara, kamar bashi, rikicin gado ko na aure, to tunani ba zai biya ba sai mataki: zama da mai bin bashi a tsara biya, ko kai magana gaban manya, mai unguwa ko Hisbah. Wadda ake duka ba dabarar numfashi take buƙata ba, tsira take buƙata.

## Inda abin ya wuce na gida

Ma'aunin likitoci a bayyane yake. Idan ƙunci ko rashin sha'awar komai ya riƙe mutum kusan kullum har mako biyu, tare da lalacewar barci, ci, ƙarfi ko natsuwa, ana zargin ciwon damuwa. Idan bayan wata guda da bala'i har yanzu ana mafarkinsa, ana zabura, ana kauce wa hanyar da abin ya faru, ciwon firgici ne ake dubawa. Jimamin da ya hana rayuwa fiye da wata shida, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, tare da sharaɗin ya zarce abin da al'ada da addinin mutum suka saba. Kukan 'yan kwanakin farko bayan haihuwa yakan wuce cikin mako biyu. Idan mai jego ta zarce haka, ko ta daina barci gaba ɗaya tana sambatu, ba a jira arba'in. Wanda ya fara cewa gara ya mutu, a tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta cusa masa tunanin; a kawar da fiya-fiya da magunguna, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Sashe na 231 na Final Kod, dokar hukunta laifuka ta Arewa, ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, abin da likitocin ƙwaƙwalwa suka daɗe suna neman a soke saboda yana sa iyalai ɓoyewa.

Akwai kuma kuskuren juyi, wato a kira ciwon jiki damuwa. Ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi da gumi na gaggawa ne. Mai jego da ke haki da kumburin ƙafa a duba zuciyarta, don ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a wannan yanki. Ƙarancin jini, maƙoƙo mai yawan aiki, da yawan goro, kofi da lemon ƙara kuzari duk suna kawo faɗuwar gaba. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 a lokuta daban-daban hawan jini ne, ko da damuwa ce ta tayar da shi, kuma ba a ajiye ƙwayarsa don hankali ya kwanta.

Hanya mafi tsada ita ce ta kyamis. Diyazefam da roci suna sa barci a daren farko, amma cikin 'yan makonni jiki ya saba, ya nemi ƙari. Kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tarinsa a Mayun 2018 bayan rahoton BBC da aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, da tiramol, sau da yawa daga neman mantuwa ake fara su.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2023 ta hana nuna wariya ga mai lalurar ƙwaƙwalwa a wurin aiki da muhalli, ta kuma ba shi haƙƙin a nemi yardarsa kan magani. Ga mutumin Kano, ƙofofin da aka sani su ne sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, amma ana iya farawa da likitan da aka saba gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a gaya masa rasuwar, ko sakin, ko karayar jarin, da yaushe barci ya lalace, da duk ƙwayar da ake sha. Idan ya rubuta maganin ciwon damuwa, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, ana ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an warware, kuma a hankali ake janye shi da sanin likita. Wasu masu cewa maganin bai yi musu aiki ba tun kafin ya fara aiki suka ajiye shi.